Zaɓen 1967: Ranar da gwamnatin de Gaulle ta sha da ƙyar

Masu kallo, a ranar Lahadi 5 ga Maris 1967, mutanen Faransa sun kaɗa ƙuri'ar zagayen farko na zaɓen majalisar dokoki, kuma sakamakon da ya fito a wannan dare ya sa magoya bayan Shugaba Charles de Gaulle suka kwanta da kwanciyar hankali, domin su ne a kan gaba. Mako guda bayan haka, wato 12 ga Maris, sai lissafi ya juye.

Abin da ya juya shi yana cikin tsarin zaɓen kansa. A Faransa kowace mazaɓa wakili ɗaya take fitarwa, kuma idan babu wanda ya samu fiye da rabin ƙuri'u a zagayen farko, sai a koma zagaye na biyu. Tun a watan Disamba 1966, gamayyar masu ra'ayin gurguzu ƙarƙashin François Mitterrand ta ƙulla yarjejeniya da jam'iyyar Kwaminis cewa a zagaye na biyu, duk ɗan takararsu da ya zo baya zai janye ya mara wa wanda ya fi shi ƙuri'u baya. Ƙuri'un da a da suke rarrabuwa sai suka taru wuri guda, mazaɓu da yawa da gwamnati ta ɗauka tamkar suna aljihunta suka kuɓuce mata. Har ministan harkokin waje, Maurice Couve de Murville, bai yi nasara ba a birnin Paris, haka kuma ministan tsaro Pierre Messmer ya sha kaye a garin Lorient.

Majalisar tana da kujeru 487, don haka ana buƙatar 244 kafin a ce an samu rinjaye, kuma a daidai bakin wannan iyaka jam'iyyar de Gaulle da ƙawayenta suka tsaya. 'Yan Kwaminis kaɗai sun tashi da kujeru 73.

Wani abin lura shi ne, rinjayen nan ma na jingina ne, domin ya dogara da 'yan majalisar Valéry Giscard d'Estaing, jagoran wata jam'iyya mai ƙawance da de Gaulle, mutumin da tun kafin zaɓe ya taƙaita matsayinsa game da gwamnati da cewa "e, amma". Firaminista Georges Pompidou ya gane cewa da irin wannan majalisa kowace doka sai an yi ta da ciniki, saboda haka ya nemi izinin yin sauye-sauyen tattalin arziki da na tsarin inshorar jama'a ta hanyar umarnin gwamnati. Ƙungiyoyin ƙwadago sun amsa da yajin aiki, 'yan adawa kuma suka kawo ƙudurin yanke ƙauna, wanda gwamnati ta tsallake da tazara kaɗan.

Majalisar ba ta cika shekara biyu ba. Bayan tarzomar ɗalibai da ma'aikata ta watan Mayu 1968, de Gaulle ya rusa ta, kuma a zaɓen watan Yuni jam'iyyarsa ita kaɗai ta samu rinjaye mai yawa.