Jawabin maraba ga babban baƙonmu a taron horar da ma'aikatan radiyografi, wato masu ɗaukar hoton walda, Ngaundare

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe babban jami'in hukumar kare jama'a daga haskoki masu illa ta Kamaru, wakilin Mai Martaba Lamiɗo, iyayenmu da 'yan uwa abokan aiki, barkanku da zuwa. Yallaɓai sannu da hanya, mun san kwana ka yi cikin jirgin ƙasa daga Yaunde, da safe ka sauka ko hutawa ba ka yi ba ka taho wajenmu, Allah ya saka da alheri.

Mu ne masu ɗaukar hoton walda. In mai walda ya gama haɗa bututu mu ke zuwa mu liƙa fim a bayan ɗinkin, mu juya manibel, wato hannun da ke tura ƙwaya, sai ƙwayar iridiyom 192, ɗan ƙarfe mai fitar da haske mai illa da ido ba ya gani, ta fito daga tukunyarta ta bi tiyo, haskenta ya ratsa ƙarfe ya nuna in akwai tsaga ko rami. Da yawa cikin manyanmu a aikin bututun mai na Doba zuwa Kiribi suka koyi sana'ar, wanda aka gama a 2003, kilomita 1,070, mu kuma a hannunsu muka koya, da ido da baki, shi ya sa wannan horon ya yi mana daɗi sosai wallahi.

Ƙwayar nan yallaɓai ka fi mu saninta, 'yar mitsitsiya ce, ba wari ba ƙara, ba ka jin komai lokacin da take cinka. Duk kwana 74 ƙarfinta na raguwa rabi, to sai wasu yaranmu su ce ai ta tsufa ba komai, alhali tsohuwar ma tana ƙona nama. Ni da kaina na gani. Wani dare a wani shantiye, muna sauri saboda patiro na son fim kafin asuba, na mayar da manibel na ɗauka ta koma gida, batirin radiyameta, na'urar auna ƙarfin hasken ƙwayar, ya mutu tun magariba ba mu da wani, yaron da ke taimaka min har ya miƙa hannu zai kwance tiyo sai 'yar na'urar da ke ƙirjin abokin aikina ta fara kuka. Ashe ƙwayar ta maƙale a bakin tiyo. Na finciko shi ta riga muka ja baya. Yaron nan ba shi da dozimeta, abin da ake liƙawa a jiki yana ƙirga hasken da ya shiga jikin mutum, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa in ka ninka nisanka da ita abin da ke shiga jikinka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Kuma abin ya faru a wasu wurare. A Maroko a 1984 lebura ya tsinci irin wannan ƙwaya ya kai gida, mutum 8 suka rasu. A Peru a 1999 mai walda ya sa ta a aljihun wando na wasu awoyi, ƙarshe sai da aka yanke masa ƙafa. Duba ka gani, waɗanda abin ya ci ba masu takardar aikin ba ne, na gefe ne.

To roƙonmu ke nan ranka ya daɗe. Dan Allah a buɗe horon nan ga yaran aiki da masu gadi da direbobin da ke ɗaukar tukunyar, a kuma yi musu bayani da Hausa da Fillanci, don yawancinsu Faransancin kasuwa kawai suke ji, alamar haɗarin nan mai ganye uku baƙa a kan rawaya wasu sun ɗauka tambarin kamfani ce. Masu bola jari na kartiye ma a kai musu hoton tukunyar su san ta. Sannan dozimeta da ake karɓa a hannunmu a tafi da ita, muna so sakamakon ya riƙa dawowa hannun mai shi, an ce iyakar hasken da zai shiga jikin ma'aikaci, a ma'auninsa, milisibat 20 ne a shekara, to kowa ya san inda ya kai.

Mu ma mun yi alkawari a gabanka, ba mai sake kusantar tiyo sai ya auna da radiyameta, ko patiro na tsaye a kansa, kuma igiyar shinge za ta zagaye wurin kafin a juya manibel.

Allah ya maida kai gida lafiya ya ƙara girma. Bismilla yallaɓai, ga makirfo, muna sauraronka.