Amsoshin Tambayoyinku: Wai tankin ruwan Jubilee House makami ne?

Masu sauraro, barkanmu da yamma. Lokaci ya ɗan ja, don haka mu faɗa kan wasiƙu.

Hajiya Rabi daga Sabon Zango tana tambaya yaushe fadar shugaban ƙasar Ghana ta tashi daga Osu Castle. A 2013 ne, Hajiya, zamanin Mahama, aka koma Flagstaff House, wanda tun 2018 ake kira Jubilee House. A gaida jikoki.

To, ga wadda ta cika mana tebur, daga Nima, daga Mamobi, har Ashaiman. Na ɗauki ta Awudu, direban trotro, wato motar haya. Ya ce: "Malam, a wajen shan ataya an ce tankunan ruwan da ke kewayen Jubilee House ba ruwa ba ne a ciki, makamai masu linzami ne. Wai ciyawar gidan ma tana darewa bindiga ta fito in jirgi ya matso. Gaskiya ne?"

Awudu, Awudu! Buta ta nawa aka sauke kafin a kai ga wannan labari? Kai da kake bi ta 37, wajen asibitin sojoji na Accra, kullum, ka san filin jirgin sama yana nan kusa, jirage na sauka suna tashi dare da rana. Da ƙasa tana darewa duk sanda jirgi ya gitta, ai mai koko ta bakin titi ce za ta fara ba mu labari.

Amma bari mu ji daga Baba Saje, tsohon soja, yana tare da mu.

"Wato ɗana, mu da muka je Lebanon aikin kiyaye zaman lafiya, jirgin yaƙi in ya wuce, sai ya ɓace kafin ka ji ƙararsa. Ga sanyi! Yaran yanzu ba su san sanyi ba. Akwai wani kofur da muke kwana tanti ɗaya…"

Baba, tankin fa?

"Wane tanki? Oho. Abin kakkaɓo jirgi ai ba allura ba ne. Yana son na'urar hango jirgi, yana son janareta da babbar mota, da yara masu kwana a kansa. Yaran nan sai sun ci waakye, shinkafa da wake. To mai waakye za ta sani."

Kun ji ko? Na maimaita: abu ne babba, mai jama'a, mai cin mai. Inda ake da shi ma ido na gani. A Janairun 2023 da Rasha ta ɗora irin wanda ake kira Pantsir a kan rufin ma'aikatar tsaronta a Mosko, mutanen gari suka ɗauki hoto, duniya ta kalla a intanet. A Amurka kuwa, a 1994 wani mutum ya sato ƙaramin jirgi ya faɗo da shi a harabar White House, ciyawa ba ta dare ba, tanki bai yi tari ba. Mu nan gida, ranar 24 ga Fabrairun 1966 da aka kifar da Nkrumah, a mota sojoji suka zo Flagstaff House, ta titi, irin wanda Awudu ke bi.

Tsaro kam akwai, ga sojoji nan a ƙofa da bindigoginsu, ba a ɓoye ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne dattijo mai furfura ya ji muryar wanda bai sani ba a WhatsApp, ya tura wa mutum hamsin da "a yaɗa saboda Allah". Haba, Alhaji! Kai kuma Awudu, kada ka ce za ka tsaya da fasinja ka je ƙwanƙwasa tanki ka ji ko da ruwa. Ba ni da kuɗin beli.

Ta ƙarshe, Sani daga Madina: igwar da ke Cape Coast Castle tana aiki? Sani, teku take kallo tun zamanin Turawa, tsatsa ta gama da ita, yara 'yan makaranta ke jingina da ita suna ɗaukar hoto. Baba Saje, mun gode. Labarin kofur sai mako mai zuwa. Ga ladan can ya fara gyaran murya.