Jawabin Maraba ga Shugaban Tawagar 'Yan Jarida daga Maraɗi, a Birnin Katsina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma babban baƙonmu, shugaban tawagar 'yan jarida daga Maraɗi, wakilin Mai Martaba Sarkin Katsina, iyayenmu hakimai, malamanmu, abokan aiki na gidajen rediyo, talabijin da jaridu, iyayenmu mata da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, lale marhabin da kai da 'yan rakiyarka. Sannunku da hanya, sannunku da tsaye-tsayen shinge daga Ɗan Isa zuwa Magama. Mu da muke karanta maka wannan takarda masu aikin labarai ne da harshen Hausa a Katsina: masu ɗauko rahoto, editoci, masu gabatar da shiri da injiniyoyin ɗakin watsa shirye-shirye. Da sunan baƙo muka tarbe ka don haka al'ada ta tanada, amma kowa a zauren nan ya san gida ka zo. Sarakunan Haɓe da suka bar wannan birni bayan jihadi a Maraɗi suka kafa sarauta, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Babu unguwar da za ka shiga a nan ka rasa mai gwaggo ko kawu a can.

Tsakanin garuruwan nan biyu bai kai kilomita 100 ba. Duk da haka, in wani abu ya faru a kasuwar Maraɗi da hantsi, yawancin mutanen Katsina sai da dare za su ji shi, daga London ko Faris ko Bon. Wannan ne dalilin gayyatar da muka yi maka, kuma a kansa za mu tsaya.

Abin da asalinsa. Tun kafin taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka shata ƙa'idar rabon Afirka, an riga an raba kasuwar labarai. A 1870 manyan kamfanonin dillancin labarai na Turai suka ƙulla yarjejeniya: Reuters ya ɗauki daular Ingila, Havas ya ɗauki Faransa da inda take mulka, Wolff ya ɗauki Jamus da maƙwabtanta. Havas ɗin nan shi ne ya rikiɗe ya zama AFP a 1944. Da aka zo aka ja iyaka tsakaninmu, aka yi ta gyara ta a 1890 da 1898 da 1904, daga baya aka bi daji ana kafa alamu daga 1906 zuwa 1908, sai wayar tangaraho ta bi sawun tuta. Ta Katsina ta nufi Ikko ta wuce Ingila, ta Maraɗi ta nufi yamma ta wuce Faransa. Ba a ja wadda za ta haɗa mu ba, don mai mulkin bai ga amfaninta ba.

Wanda ya riƙe waya kuwa shi ke rubuta abin da ya faru. Kisan da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Ƙonni a 1899, da tsayin dakan Sarauniya Mangu a Lugu, da shafe garin Satiru da aka yi a 1906, duk daga rahoton hafsoshin da suka yi aikin duniya ta fara jin su. Haka shigowar Lugga Katsina a 1903, da sauke sarakuna biyu a jere kafin naɗin Muhammadu Dikko a 1906. Namu ɓangaren ya zauna a bakin tsofaffi da mawaƙa da takardun ajami, kuma da yawansa ya tafi tare da masu shi.

Magabata ba su yi shiru ba. Jaridar Negro World ta Marcus Garvey, wadda ta fara fita a 1918, sai da aka haramta ta a ƙasashe da dama na mulkin mallaka, ma'aikatan jirgin ruwa suka riƙa shigo da ita a ɓoye. A 1936 aka gurfanar da Nnamdi Azikiwe da Wallace-Johnson a Ankara kan zargin tunzura jama'a saboda wata maƙala, kuma bayan shekara guda Azikiwe ya dawo Ikko ya kafa West African Pilot. Kwame Nkrumah ya kafa tasa jaridar a 1948. Daga Alƙahira, Sautul Arab ta fara magana a 1953, Rediyon Alƙahira kuma ya buɗe sassa da harsunan Afirka har da Hausa. 'Yan gwagwarmayar Aljeriya sun buɗe rediyonsu na ɓoye a 1956, Faransawa suna toshe zangon su kuma suna sauya wani. A gida, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a watan Janairun 1939. Gwamnatin Turawa ce ta kafa ta don biyan buƙatarta, amma editanta na Hausa, Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta nan garin, ya buɗe shafin wasiƙu inda talaka ya sami bakin faɗin damuwarsa. Sa'adu Zungur da 'yan NEPU kuma suka ɗauki waƙa suka kai saƙo ƙauyukan da jarida ba ta zuwa.

Bayan 'yancin kai an gwada gyaran daga sama. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da kafa kamfanin dillancin labarai na PANA a 1979, ya fara aiki daga Dakar a 1983. Rahoton kwamitin MacBride na UNESCO a 1980 ya bayyana rashin daidaiton da ke cikin harkar labarai ta duniya ƙarara, har rigimar da ta biyo baya tana cikin abin da ya sa Amurka ta fice daga hukumar a 1984, Ingila ta bi ta a 1985. Ya kamata mu faɗi abin da ya raunana PANA ba tare da kara ba, don kada mu maimaita shi. Ƙasashe ba sa biyan kuɗin da aka yanka musu. Sannan labarin da yake samu daga kamfanonin gwamnatoci yake zuwa, kowace gwamnati kuwa abin da ke yi mata daɗi take aikowa. Edita a Kaduna ya ga sanarwar fada ce zalla, sai ya ajiye ta ya ɗauki ta Reuters. Shi ma mai sauraro a Mashi ko Ɗanja ba don ƙaunar Turawa ya kama BBC Hausa tun 1957 ba. Ya kama ta ne don tana faɗa masa abin da tashar gida ta ɓoye.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba mu yarda cewa zagin Faransa ko Amurka kaɗai ya isa a kira kafa mai kishin Afirka ba. Akwai kafafen da ke tsine wa mulkin mallaka safe da yamma, amma kuɗin albashinsu daga wata babbar ƙasar yake fitowa, kuma ba za ka taɓa jin sun taɓa ta ba. Akwai waɗanda ke sukar baƙo, su yi gum a kan mai mulkin gida ko da ya kulle ɗan jarida. Ita ma dokar hana tunzura jama'a da ake kama mu da ita gadon Turawa ce, tun ta 1909. Ma'aunin da muke amfani da shi guda biyu ne: wa ke biya, kuma wa kafar ba ta iya suka.

Ga abin da muke roƙon ka ɗauka zuwa ga abokan aikinmu na Maraɗi.

Muna son musayar rahoto kai tsaye, kullum sau ɗaya, kafin labaran yamma. Agogonmu ɗaya ne da naku, don haka babu lissafin sa'a. Kowane ɓangare ya aiko rahoton murya na minti 3, a naɗe shi a MP3, layin sauti guda (wato mono), a kan kilobit 64. Nauyinsa bai wuce megabait ɗaya da rabi ba, zai wuce ko da sabis ya yi rauni. A turo shi a matsayin fayil. In aka danna maɓallin saƙon murya na WhatsApp, manhajar tana matse sautin, in ya hau iska sai a ji shi a dusashe. Mai rahoto ya sa soso a kan makirfo, ya juya wa iska baya, musamman da hunturu, ya bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bakin mai magana. Kowane fayil ya zo da rubutaccen bayani: sunan gari, kwanan wata, wanda ya yi magana da matsayinsa, da wanda ya ɗauka.

Farashin kasuwa shi ne abin da manomi da ɗan tireda suka fi jira, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. Jaka a bakin mutumin Maraɗi sefa 1,000 ce, a bakin dattijon Katsina kuwa naira 200. Dala a wurinku sefa 5 ce. Tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba. Duk rahoton gero, wake, albasa ko dabbobi daga Jibiya, Mai'aduwa ko Maraɗi, a faɗi kuɗin da cikakken adadi, a ambaci ma'aunin, a ƙara da canjin sefa da naira na ranar.

Labarin tsaro ya fi kowanne haɗari. Dajin da ɓarayin daji ke bi bai san iyaka ba, kuma jita-jita ta fi su gudu. Ƙa'idarmu ita ce kada adadin mamata ko na waɗanda aka sace ya hau iska sai an ji shi daga majiya biyu da ba su ji daga bakin juna ba, ɗaya daga cikinsu a garin take. Bidiyon da ya zo ta waya a ɗauki hoto daga cikinsa a bincika ko ya taɓa fitowa, a duba lambar mota, kakin jami'ai, karin harshen masu magana, da ko ciyawar damina ce alhali ana rani. Mun ga yadda tsofaffin bidiyoyi suka yi ta yawo bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar, har sai da aka buɗe a Maris na 2024. A watannin nan ne muka fi buƙatar jin muryar juna, a lokacin ne kuma muka fi rasa ta.

Kada mu jingina aikin duka a kan intanet. A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan saboda tsaro. A shekarar ce aka dakatar da Twitter a Nijeriya har tsawon wata bakwai. A Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da yawa suka shiga duhu. Shafin Facebook ko YouTube kuma aro ne, mai shi yana iya rufe shi a dare ɗaya da duk abin da ke ciki. Don haka kowane shiri a ajiye shi wuri uku: a kwamfutar tasha, a faifan ajiya da ke wani gini daban, da kwafi guda a hannun abokan aiki na ƙetaren iyaka. Ranar da layi ya yanke, direban da ke lodin Maraɗi zai iya kai katin memori cikin ambulan.

Wuta ita ke cinye kuɗin ƙaramar tasha. Na'urar watsa FM mai kilowat ɗaya tana jan kusan ninki biyu na hakan in aka haɗa da abin sanyaya ta. Masu komawa sola su sani ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti sosai in ba a wanke shi a kai a kai, zafin bazara kuma yana kashe batir kafin lokacinsa in ɗakin ba ya shan iska. A wannan fanni ku ne malamanmu. Nijar ta fara rediyon al'umma tun ƙarshen shekarun 1990, tana da fiye da ɗari, mu kuwa sai a 2015 aka fara ba da irin wannan lasisi. Muna roƙon a karɓi matasan injiniyoyinmu su zauna da naku su ga yadda ake riƙe tasha da kuɗi kaɗan.

Sai rubutu. An zauna a Bamako a 1966 don daidaita haruffa, amma har yau ku kuna rubuta ƴ mu muna rubuta 'y, wasu kuma suna zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ gaba ɗaya, abin da ke sa a nemi labari a rumbu a rasa shi alhali yana nan. Editoci biyu daga kowane ɓangare sun isa su fitar da takarda guda ta sunayen garuruwa, muƙamai da kalmomin aiki, kowa ya manna ta a ɗakin labarai.

Na ƙarshe shi ne wanda ba ya jira. A ɗakunan ajiyar tashoshinmu akwai kaset da manyan faifan zare masu ɗauke da muryoyin tsofaffin da suka ga aikin tilas da harajin Nasara da idonsu. Zafi yana manne zaren, gara tana cin takardun da ke bayanin abin da ke ciki. A juye su zuwa fayil ɗin sauti na WAV ba tare da matsewa ba, wanda minti guda yake cin kusan megabait 6, a fara da waɗanda suka fi tsufa, kuma kada a ɗora zaren da ya manne a kan inji don zai tsinke. Jirgin ƙasan da ake shimfiɗa wa hanya daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi zai ƙara cuɗanyar mutanenmu, muna so ya tarar da wannan musaya ta riga ta kama aiki.

Ranka ya daɗe, waɗannan su ne buƙatunmu, kuma mun ware mutanen da za su zauna da tawagarka bayan sallar Azahar a sa ranar farawa. Idan lokaci ya bari, za mu kai ku Hasumiyar Gobarau da tsohon ginin Kwalejin Katsina. Muna godiya ga Mai Martaba Sarki da ya aiko wakili, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah Ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya mayar da kai da 'yan rakiyarka gida lafiya. A gaishe mana da mutanen Maraɗi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.