Lambobi shida da ake sace WhatsApp da su

Malam: Assalamu alaikum jama'ar Zango, daga Aboabo da Asawase da Sawaba har zuwa Tafo a Kumasi, da 'yan'uwanmu na Nima da Mamobi a Ankara. Barkanmu da sake haɗuwa. Hajiya na nan, Auta na nan, ataya na kan wuta. Yau maganar waya za mu yi, yadda mutum zai shiga WhatsApp da Facebook da TikTok ya fito da mutuncinsa da kuɗinsa.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Malam, ni ina so mu fara da satar WhatsApp, domin ita ce ta fi addabar guruf-guruf ɗinmu, na makaranta, na adashi, na zumunta. Mutane sun ɗauka wani gwanin kwamfuta ne ke fasa waya daga nesa. Mafi yawan lokaci mai wayar ne da bakinsa yake miƙa mabuɗin.

Auta: Bari in bayyana yadda abin yake aiki, Hajiya. Duk wanda zai buɗe WhatsApp a sabuwar waya, lambar layi kawai zai rubuta. Sai WhatsApp ya tura lambobi shida ta saƙon tes zuwa wannan layin, don ya tabbatar layin na hannun mai nema. Ɓarawo yana da lambarka, ya tsince ta a guruf. Ya rubuta ta a wayarsa, saƙon kuma ya shigo taka wayar. Abin da ya rage masa shi ne ya sa ka karanta masa lambobin nan shida.

Malam: Kuma ba zai ce "ba ni lambar WhatsApp ɗinka" ba.

Auta: Ina! Kira zai yi da sallama mai kyau, ya ambaci sunanka, ya ambaci sunan guruf ɗin daidai. Ya ce yau da ƙarfe takwas akwai taro ta Zoom, ana rajistar masu halarta, an turo maka lambar shiga, ka karanto ya sa ka a jeri. Wani lokaci ya ce tallafi ne za a raba wa 'yan ƙungiya. Kana karantawa, kafin ka ajiye wayar WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa.

Hajiya: Abin haushi, a jikin saƙon an rubuta kar a ba kowa lambar. Amma da Turanci ne, ga mutum a waya yana gaggauta ka, ga kunyar kar a ce ba ka yarda da ɗan'uwa ba. Iyayenmu mata sun fi faɗawa, saboda da yawa saƙon murya suke amfani da shi, karatun saƙo sai an kira jika.

Malam: To in ya shiga, me yake gani? Wannan tambayar na damun mutane.

Auta: Tsofaffin hirarrakinka ba sa biyo shi, suna cikin wayarka. Amma duk guruf ɗin da kake ciki zai gani, da lambobin mutanen ciki, da duk sabon saƙon da aka turo maka. Daga nan sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka, yana neman kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya: "Yaya, MoMo ɗina ya tsaya, taimaka ka tura sidi 500 zuwa wannan lambar, zan mayar maka bayan isha'i." Wasu kuma ya kira su da labarin Zoom ɗin nan. Haka guruf guda yake ƙarewa a kwana biyu.

Hajiya: Maganin yana nan cikin WhatsApp, kyauta, minti biyu. A shiga Setin, a shiga Akawun, a nemi tabbatarwa mai mataki biyu, a kunna. Zai ce ka ƙirƙiri lambobin sirri shida naka na kanka. Daga ranar, ko ɓarawo ya samu lambobin tes, sai an tambaye shi wannan fin ɗin na biyu, shi kuma ba a tura shi ta ko'ina, a kanka yake. Zai nemi imel, a sa masa, domin ranar da ka manta fin ɗin ta nan za ka sake shi.

Malam: Kar a sa 123456, kar a sa ranar haihuwa. Ranar haihuwarka tana Facebook, duk shekara ana yi maka addu'a a ƙarƙashinta.

Hajiya: Kar kuma a fara da lambobi huɗun MoMo a ƙara biyu a baya. Makulli ɗaya ga ɗaki da shago, in ya faɗi an gama da kai.

Auta: Akwai wata dabarar da ba a cika sani ba. WhatsApp na iya karanto lambobin ta kiran murya maimakon tes. Sai ɓarawo ya ce ka danna wasu alamomi a wayarka, tauraro da lambobi, a ƙarshe da wata lambar waya, wai na karɓar kyautar data ne. Abin da ka yi shi ne karkatar da kiranka zuwa layinsa. Duk wanda ya taɓa danna irin wannan, ya danna ##002# ya kira, zai soke duk wani karkatar da kira a layin.

Malam: To a ce aikin gama ya gama, an sace. Mutum ya yi yaya?

Auta: Kar ya tsaya kuka. Ya buɗe WhatsApp, ya sake rubuta lambarsa, ya nemi sabbin lambobin tes. Layin na hannunsa, don haka shi za su zo wa. Da ya shigar da su, an fitar da ɓarawon. Matsalar ita ce in ɓarawon ya riga ya kunna fin nasa. Nan sai ka jira kwana bakwai kafin a bar ka ka shiga ba tare da fin ba. Amma ko a cikin kwanakin nan shi ma yana waje.

Hajiya: Kafin duk wannan ma, a ɗauki waya a kira admin na kowane guruf, kira na layi, a ce ya cire lambar ya kuma sanar. A kira 'yan gida. Mutane kan ɓoye don kunya, a cikin awa ukun da suka yi shiru ake kwashe kuɗin dangi.

Malam: Sai a kai ƙara. Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda dokar shekarar 2020 mai lamba 1038 ta kafa, tana da layi 292. Ana kira, ana tura tes. A riƙe lambar da aka ce a tura wa kuɗi da hoton saƙonnin.

Auta: Saura ɗaya, Malam, na'urorin da aka haɗa. WhatsApp ya yarda a haɗa har na'ura huɗu da asusu ɗaya. Wanda ya riƙe wayarka a buɗe na daƙiƙa talatin, a wurin caji ko wurin gyara ko a bes, zai iya haɗa ta da kwamfutarsa, ya riƙa karanta komai, kai kuma WhatsApp ɗinka na aiki lafiya lau. A duba wannan jerin lokaci-lokaci, abin da ba ka gane ba ka fitar da shi.

Hajiya: Mu taɓa MoMo kaɗan tunda can kuɗin ke zuwa. In ɗan'uwa ya nemi kuɗi a rubuce, a kira shi a ji muryarsa. In ya ce ba zai iya ɗauka ba yana mitin, a jira ya fito. Sannan kafin ka sa fin, *170# na nuna maka sunan mai karɓa. Ka ga sunan da ba na ɗan'uwanka ba, ka tsaya. Masu cewa sun turo maka kuɗi bisa kuskure kuwa, kar ka dubi saƙon da suka nuna, ka duba balas ɗinka da kanka. In da gaske ne, su kira 100, kamfanin ya mayar musu. Kuma in tambayar fin ta faɗo kan allon wayarka ba kai ka fara ciniki ba, ka soke.

Malam: Yanzu bari mu juyo kan abin da mu da kanmu muke sakawa. Lokacin aikin Hajji za ka ga an ɗora hoton fasfo da biza a sitatus, ana Alhamdulillahi. Wani ya karɓi Ghana Card ya ɗauke shi gaba da baya. Suna, ranar haihuwa, lambar kati, duk a fili. Da katin nan ake rajistar layi, da shi ake buɗe asusun banki. Godiya ga Allah ba ta buƙatar hoton takarda.

Hajiya: Haka hoton yara da rigar makaranta, bajen na nuna sunan makarantar, ga lokacin tashi kowa ya sani. Ko a rubuta "mun tafi Tamale biki sai sati mai zuwa", an sanar da gari cewa gida ba kowa. A ɗora hotunan bayan an dawo mana. Sitatus ma ana iya zaɓar waɗanda za su gani. Akwai kuma wurin da za ka hana baƙo jefa ka cikin guruf, ka bar wa waɗanda ke cikin lambobinka kawai.

Auta: Ga iyaye, ƙa'idar Facebook da TikTok shekara 13 ce mafi ƙaranci. TikTok na da tsarin da uba ko uwa za su haɗa asusunsu da na yaro, su ƙayyade lokaci, su rufe saƙon sirri.

Malam: Abin da ya fi ci mini rai shi ne sanarwar rasuwa. A yi haɗari a hanyar Kumasi zuwa Ankara, kafin a kai gawa asibiti hotonta ya zaga guruf goma, uwa ta ga ɗanta a sitatus ɗin maƙwabci. Da can dattijo ake tura wa gida, ya zauna, ya yi nasiha, sannan ya faɗa. A jira iyalai su sanar, hoton gawa kuma kar a tura ko bayan sun sanar.

Hajiya: Da saƙonnin murya marasa suna, "jama'a ku yaɗa, an kama masu satar yara a wuri kaza". Babu rana, babu mai magana. In ka ga alamar kibiya biyu a kan saƙo, ya bi hannu da yawa kafin ya iso ka. Hoto kuma ana iya sa shi a Google Lens a ga ko tsoho ne daga wata ƙasa. GhanaFact da Dubawa aikinsu ke nan, bin diddigin irin waɗannan.

Malam: Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba: sashe na 208 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya haramta yaɗa labarin ƙarya mai tayar da hankalin jama'a, kuma an kama mutane da shi.

Auta: Akwai maganar da ake jin nauyinta, hotunan tsiraici. Baƙuwar fuska ta turo neman abota a Facebook, hira ta yi daɗi, a koma kiran bidiyo, ashe ana naɗa. Washegari a ce ka biya ko a tura wa danginka. Samari na faɗawa kamar yadda 'yan mata ke faɗawa. Ko hoton da ake buɗewa sau ɗaya, ana ɗaukarsa da wata wayar.

Hajiya: Wanda abin ya same shi kar ya biya, biyan farko ne ke jawo na biyu. Kar ya goge hirar, shaida ce. Ya ɗauki hoton allo, sunan asusun da lambar MoMo ɗin, sannan ya toshe, ya kira 292. Doka 1038 ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 25 ga mai irin wannan barazanar don ya samu wani abu, mai yaɗa hoton sirrin wani ba da izini ba kuma shekara 1 zuwa 3. Masu turawa gaba a guruf suna cewa "ku ga abin da duniya ta zama", su san yaɗawa suke yi.

Auta: Akwai shafin StopNCII na manya, da Take It Down na 'yan ƙasa da 18. Hoton ba ya barin wayarka, wata shaidar lambobi ake cirowa daga jikinsa a ba Facebook da Instagram da TikTok, in an zo ɗora shi su gane su tare.

Hajiya: Iyaye kuma, in yaro ya zo da wannan maganar, a ajiye bulala tukuna. Tsoron gida ne ke sa su sato kuɗi su biya.

Malam: An kusa kiran la'asar. Auta, ka zuba mana na uku, sannan ka karɓi wayar Hajiya ka duba mana ko ita ta kunna nata fin ɗin.

Hajiya: Ba zan ba shi a buɗe ba, Malam. Ya matso ya duba a hannuna.