Da Bakin Wa Za a Ba da Labarin Fargaba?

Assalamu alaikum, masu kallo. Kafin marubucin labarin fargaba ya ɗora alƙalami a kan takarda, akwai hukuncin da ya wajaba ya yanke: tauraron ne zai ba da labarin da bakinsa yana cewa "ni", ko kuwa wani ne daga gefe zai riƙa cewa "shi" da "ita"? Abin da ake rabawa a nan shi ne sani, wato wa ya san me, kuma a wane lokaci.

Mu ɗauki mace ta dawo gida bayan isha'i. Idan da bakinta ne, za ta ce, "Na tura ƙofa, sai na ji ƙamshin turaren da ba nawa ba." Mai karatu bai san komai ba sai abin da hancinta ya shaƙa, saboda haka tare gabansu zai faɗi. Idan kuwa daga gefe ake bayarwa, marubuci yana iya nuna mana mutumin da ya laɓe bayan labule tun magariba, sannan ya bar ta tana cire mayafi a natse, mu kuma muna ji kamar mu ƙwala mata kira. Wannan fargabar ta fi daɗewa, domin jira ne ke haifar da ita.

Haka marubuci Frederick Forsyth ya yi a 1971 cikin littafinsa The Day of the Jackal, inda yake kai mu wajen maharbin da aka yi hayarsa ya kashe shugaban Faransa Charles de Gaulle, ya dawo da mu wajen ɗan sanda Claude Lebel da ke farautarsa. Mun fi kowannensu sanin halin da ake ciki.

Bakin "ni" yana da rauni guda: wanda ya zauna yana ba da labari, ai ya tsira ke nan. Amma yana da makamin da ɗayan ya rasa, domin mai ba da labari yana iya ɓoye gaskiya. A 1926 marubuciya Agatha Christie, cikin wani littafinta, ta sa likita Sheppard ya ba da labarin kisan Roger Ackroyd tiryan-tiryan, kuma (wanda bai karanta ba ya yi mini afuwa) shi ne ya yi kisan, bai kuwa shirga ƙarya ba, tsallake 'yan mintuna kawai ya yi.