Zazzaɓin Dengi da Abin da Gwajin Jini Yake Nunawa

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum.

A nan Kano, da zarar jiki ya yi zafi sai mu ce maleriya ce ko taifot, mu nufi kyamis. To akwai wani zazzaɓin, dengi, wanda hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Najeriya ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a ƙarshen 2023. Sauron da ke yaɗa shi baƙi ne mai ɗigon fari, da rana yake cizo, kuma a ruwan randa, durom da tsofaffin tayoyi yake ƙyanƙyasa. Wane gida ne a Fagge ko Kurna ba ya ajiye ruwa?

Maganin maleriya ba ya taɓa dengi. Jini ne ke tona asirinsa. A kwanaki biyar na farko, gwajin NS1, mai neman alamar ƙwayar dengi a cikin jini, yana iya kama shi. Fararen ƙwayoyin jini su ne kan fara raguwa, sannan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, waɗanda a lafiyayye ba sa gaza 150,000 a ma'aunin asibiti, su biyo baya. Idan suka faɗo ƙasa da 100,000, likita kan ƙara sa ido.

Ga inda nake roƙon ku kasa kunne. Mun saba da cewa idan PCV, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya sauka, jini ya yi ƙaranci. Idan ya hau sai mu ce alhamdulillahi. A dengi hawan nan abin tsoro ne: ruwan jini ne ke tsiyayewa daga jijiyoyi, jinin ya yi kauri. Hakan kan faru tsakanin kwana na uku da na bakwai, daidai lokacin da zafin jiki ya sauka, iyali suka ce an samu sauƙi. Shi ya sa gwaji ɗaya ba ya wadatarwa. Na san kuɗin gwaji da nauyi a wannan zamani, amma idan likita ya ce a maimaita gobe, don Allah a maimaita.

Kada a sha asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara haɗarin zubar jini. Farasitamol kawai, da ruwa mai yawa. Wanda ya ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, haɓo ko jini a dasashi, kada ya jira gari ya waye, a kai shi asibiti a daren.