Laita mai arha da ake sake zuba wa gas: za ta iya da aikin lofe kuwa?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau zancenmu a kan laita ne, 'yar ƙaramar nan ta aljihu mai arha, wadda idan gas ɗinta ya ƙare ake sake zuba mata wani. Masu shan lofe suna yawan tambaya: shin wannan abar tana riƙe amana, ko dole sai mutum ya sayi mai tsada kafin hankalinsa ya kwanta? Ni dai abin da na gani shi ne tana riƙewa, amma ba kowacce ba, kuma ba a kowane hannu ba.

Mu fara da aikin da ake ɗora mata. Mai sigari yana ƙyasta laita a tsaye, cikin ƙiftawar ido ya gama, ya mayar aljihu. Mai lofe ba haka yake yi ba. Sai ya karkata laitar, ya kai harshen wutar kan bakin lofen, yana zuƙa a hankali yana zagayawa da ita har saman tabar ya kama ko'ina. Tabar ta kumbura ta taso, ya danne ta, wutar ta mutu, ya sake kunnawa. Kun ga kunnawa biyu ke nan tun ba a fara shan ba. Kafin lofen ya ƙare kuma wutar za ta mutu sau da yawa, ko don an tsaya magana, ko don tabar tana da ɗan danshi. Cikin lofe ɗaya, laita tana yin aikin da ya ninka na sigari nesa ba kusa ba.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa idan an karkata ta. Harshen wuta sama yake nufa kullum, ko yaya ka riƙe laitar. Da ka kwantar da ita, wutar ta dawo tana lasar hular ƙarfen da ke kanta, tana lasar 'yar tayar da ake murzawa, tana lasar babban yatsanka. Ku matso ku ga nan. A yawancin masu arha, wasu 'yan kunnuwan filastik guda biyu ne suke riƙe da tayar nan. A ƙarƙashinta akwai dutse, a ƙarƙashin dutsen akwai sifirin da ke turo shi sama ba dare ba rana. Idan zafi ya tausasa kunnuwan, sifirin ya fi ƙarfinsu, sai ka ji tas, taya ta yi gabas, dutse ya yi yamma. Gas yana nan cike a ciki, amma laita ta tashi daga aiki. Shi ya sa a gargaɗin da ake bugawa a kwalin laita za ku ga an ce kada a bar ta a kunne fiye da daƙiƙa 30. Akwai ƙa'idar tsaro ta duniya da aka tanada don laita, ISO 9994, kuma in kun ga an rubuta ta a kwali, alama ce mai kyau. Sai dai ƙa'idar tana magana ne a kan kada laita ta cutar da mai ita. Ba ta yi alkawarin cewa za ta jure wa lofe shekara da shekaru ba.

Sai maganar yadda ake samun tartsatsi, kuma a nan ne nake ganin rabin amanar laita take. Hanya biyu ce. Akwai mai dutse, akwai mai dannawa.

Abin da muke kira dutse ba dutse ba ne na gaske. Haɗin ƙarfe ne da wani sinadari mai suna seriyam, wanda masanin kimiyyar nan ɗan Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya haɗa a 1903. Idan tayar ta kankare shi, 'yan ɓarɓashin da suka fita suna kamawa da wuta da kansu a cikin iska. Tartsatsi ne mai yawa, mai zafi, mai watsuwa, ko gas ɗin bai fito daidai ba yana samunsa. Yana ƙarewa, gaskiya ne, amma ana sa wani. Matsalarsa ɗaya da ya kamata ku sani: idan laita ta daɗe a ajiye a wuri mai laima, dutsen yana ruɓewa ya zama gari, ya toshe bututunsa. In za ku ajiye ta wata da watanni, ku cire shi.

Mai dannawa kuwa da lantarki take aiki. Akwai wata 'yar guduma a ciki da ke dukan wani ƙanƙanin abu mai kama da tangaran, dukan ya haifar da lantarki mai ƙarfin dubban bolt, ya tsallaka daga bakin waya zuwa bakin gas. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan sirrin a 1880. Dabara ce mai ban sha'awa, kuma tana da sauƙin amfani ga wanda yatsunsa ba su da ƙarfi. Amma tartsatsinta guda ɗaya ne, siriri, dole ya faɗa daidai inda gas yake. Toka kaɗan, ko gumi, ko zaren aljihu, ko wayar ta ɗan goce, sai ka yi ta dannawa kana jin ƙas ƙas babu wuta. Laitar mai lofe kuwa kullum a bakin toka take aiki. Ranar da gudumar ta gaji, a mai arha babu gyara. Saboda haka idan kuɗin da za ku kashe kaɗan ne, ku nemi mai dutse, wadda ake iya canza mata dutsen.

Misalin da ya fi shahara a wannan aji shi ne Clipper, wadda kamfanin Flamagas na Barselona a Sifen ya fito da ita. Jikinta zagaye ne, ana zuba mata gas ta gindi, kuma tayar da bututun dutsen suna zarowa gaba ɗaya a canza su. Wasu ma da wannan bututun suke ɗan gyara tabar. BIC kuma, wadda ta fito a 1973, mutane sun yarda da ita wajen kamawa, amma ba a yi ta don a sake cika ta ba. Na san akwai masu koya wa mutane huda ta ko ɓalle kanta don su ɗura mata gas. Don Allah kada ku yi. Tanki ne mai matsin gas, a aljihunku yake kwana.

Irin harshen wutar ma abin dubawa ne. Akwai mai taushi, ja-ja mai rawa, akwai shuɗi mai huci wanda iska ba ta kashe shi. Na biyun yana burge mutane a waje, amma zafinsa yana haura digiri 1,000 a ma'aunin Selsiyos, kuma a wuri ɗaya yake tattara shi. Mafi yawan lofe na kirki da saiwar wani icce ake sassaƙa su wanda ke fitowa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, icce mai jure zafi, amma icce ne dai. Wuta mai huci tana ƙona bakin lofen ta bar masa baƙin tabo da ba ya fita, tana kuma babbake tabar har ɗanɗanonta ya yi ɗaci. Ga shi ramin da take fitowa ƙanƙane ne ƙwarai, ya fi saurin toshewa. Lofe wuta mai taushi yake so, wadda zuƙa za ta iya jan ta ƙasa cikin tabar. Akwai laitocin da aka ƙera musamman don lofe, masu fitar da wuta ta gefe, yadda ba sai an kifa su ba. Old Boy ta kamfanin IM Corona na Japan ita ce ake yawan ambata, amma ba ta cikin masu arha. Ana samun masu arha da irin wannan baki na gefe, kuma wannan siffar kaɗai tana raba yatsa da ƙuna, tana raba kan laitar da zafi.

To, mu zo kan zuba gas, don laitoci da yawa da aka jefar da sunan sun mutu, a nan aka kashe su. Abin da ke cikin tankin gas ne mai suna butan, a matse har ya zama ruwa. Idan kun cika laita ba daidai ba, iska tana shiga ta zauna a ciki, ta hana ruwan gas shiga, sai wuta ta riƙa tsalle tana mutuwa, ko ta ƙi kamawa sam.

Ga yadda ake yi. Ku fita inda iska ke kaɗawa, nesa da kowace wuta, kuma lofen ya kasance a kashe. Butan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ba ya gudu da wuri. Ku mayar da ma'aunin wutar ƙasa, a hankali, kada ku murɗa shi da ƙarfi, don wani ɗan soso ne a ciki yake matsewa, in ya lalace wutar ba ta sake daidaituwa. Ku kifa laitar, gindinta ya kalli sama. Ga bawul ɗin nan, da ɗan tsinke a tsakiyarsa. Ku sa ƙaramin sukundireba ku danna tsinken har hucin ya tsaya cak. Wannan matakin shi ne wanda yawancin mutane suke tsallakewa. Sannan ku kifa gwangwanin gas ɗin a kanta, bakinsa a ƙasa, a miƙe sosai ba a karkace ba, ku danna na 'yan daƙiƙu, ku saki, ku sake. Idan gwangwanin yana tsaye bakinsa sama, tururi kawai kuke turawa, ruwan yana can ƙasa. Idan kun ga gas yana fesowa ta gefe tun daga farko, bakin bai dace da bawul ɗin ba, ku duba murfin gwangwanin, galibi akwai 'yan bakuna daban-daban a jikinsa. Za ku ji laitar ta yi sanyi ƙalau a hannu. Ku ajiye ta 'yan mintuna ta dawo daidai kafin ku ƙyasta, sannan ku ɗaga wutar kaɗan kaɗan.

Gas ɗin kansa ma ba ɗaya ba ne. Wanda ba a tace sosai ba yana ɗauke da maiƙo, yau da gobe ya taru a ramin fitar wuta. In za ku yi tsimi, ku yi shi a kan laitar, kada ku yi shi a kan gas.

Wani lokaci kuma laifin na yanayi ne. Butan yana komawa tururi ne a wajen digiri sifili, don haka a tsananin sanyi matsinsa yana faɗuwa, wutar ta zama 'yar mitsitsiya. Ku dunƙule ta a tafin hannu na ɗan lokaci, ko ku ajiye ta a aljihun ciki, za ta farfaɗo. Zafi shi ne mai haɗari. An hana barin laita inda zafi ya wuce digiri 50, kuma motar da aka rufe a rana tana kai wannan.

Akwai ciwo ɗaya da ba na ba da shawarar a yi jinyarsa, shi ne yoyo. 'Yan zobban roba ne suke tare gas a bawul, kuma nan ne masu ƙera na arha suka fi rage kuɗi. Idan kun cika laita da dare kuka wayi gari babu komai, ku ɗiga ruwan sabulu a kan bawul ɗin ƙasa da bakin sama bayan kun sake cikawa. In kumfa tana tasowa, ko kun ga tsaga a tankin, ko wutar ba ta mutuwa nan take idan kun saki, ku fitar da sauran gas ɗin a waje ku rabu da ita.

Masu tambaya a kan laita mai lagwani, irin Zippo da George Blaisdell ya fara ƙerawa a Bradford ta jihar Pennsylvania a Amurka a farkon shekarun 1930: ita ba ta da bawul, ba ta da matsi, auduga ce da lagwani da dutse, shi ya sa da wuya ta lalace. Har akwai cikinta na musamman don lofe, mai rami a gefe. Amma manta yana bushewa ko ba a kunna ba, kuma wasu suna jin warinsa a tabar. In ita kuka zaɓa, ku bar wutar ta ɗan ci kafin ku kai ta bakin lofe.

Ba zan wuce ban faɗi wannan ba, don da gaske nake: gyaran laita ba ya rage cutar taba. Lofe yana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro ko da mutum ba ya haɗiye hayaƙin. Wanda bai fara ba, ya bar shi.

Wanda kuma yake sha, in ya je saye, ya juya laitar ya tabbatar akwai bawul na gaske a gindinta. Ya murza tayar ya ji ko tana girgiɗi. Ya kunna sau da yawa a jere ya ga ko tsayin wutar ɗaya ne, ya karkata ta ya ga ko tana tofar da gas, ya saki ya ga ko ta mutu nan take. Mai tanki mai nuna ciki ta fi, don ana ganin abin da ya rage. Wajen kunna lofen kuma, maimakon riƙe wuta dogon lokaci, a kunna, a zuƙa sau uku ko huɗu, a saki, a bar kan laitar ya huce, a sake. Kunnawar farko, wadda ta fi cin lokaci, idan kuna cikin ɗaki ku ba ashana ita, ku jira kan ashanar ya gama ci kafin ku kai ta kan tabar, ku bar wa laitar sauran.